Likita ya ce sai an sauya wa Dada kafaɗa, ku ba ni shawara

Auta, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ban taɓa kawo tawa ba, yau kuma abin ya zo kaina. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka, kaina ya ɗaure.

Mahaifiyarmu, Dada muke ce mata, shekarunta 66. Fiye da shekara talatin tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, da ita ta aurar da mu. Wanda ya san aikin nan ya san kafaɗa ce ke yin sa: suya, daka, sannan juya tunkuza a turmi har mai ya taso. Ciwon ya soma mata a kafaɗar dama kamar shekara shida da suka wuce. Da farko sai da sanyi, yanzu babu rani babu damina. Hannun ba ya kai wa kanta. Ɗankwali ni ko jikarta ke ɗaura mata. In ta motsa shi kana kusa kana jin ƙurus-ƙurus kamar ana tauna tsakuwa. Barci kuwa a zaune take yi, ta jingina da bango da filo biyu, don in ta mirgina ta danne shi sai ta farka da salati.

Abin da ya sa na kasa haƙuri: makon jiya da asuba na leƙa ɗakinta, na tarar ta shimfiɗa hijabi a bakin gado, ta durƙusa tana cusa kai ta ƙasa, don kada ta tashe ni in sa mata. Ta ɗago ta gan ni, ta yi dariya ta ce wai dabara ce. Ni dai fita na yi na je bayan ɗaki na yi kuka.

Ba abin da ba a gwada ba. An yi ƙaho, an yi tsaga, an kai ta wajen mai ɗori sau biyu, an sha jiƙe-jiƙe, man zafi kuwa har fatar wurin ta yi baƙi. A asibiti an yi mata allura cikin gaɓar sau biyu. Ta farko ta riƙe ta wata uku, ta biyu ko sati uku ba ta kai ba. Yanzu ƙwayoyi take sha kullum, wasu na farmasi, wasu wani yaro mai tebur ke haɗa mata guda huɗu a ƙulli.

Shekaranjiya likitan ƙashi ya duba radiyo, wato hoton ƙashi, ya ce guringuntsin gaɓar ya cinye ƙaf, ƙashi ke gugar ƙashi. Ya ce magani ba zai dawo da shi ba, abin da ya rage a cire gaɓar a sa ta ƙarfe da roba, wadda suke kira protez, kuma mu yi shirin Yawunde ko Duwala ko waje. Tana da suga da hawan jini.

Tun daga nan gida ya rabu uku. Hamma, babban wanmu da ke Duwala, ya ce Indiya kawai, har ya samo wani dillali da zai shirya komai. Adda, yayata, ta ce ba a taɓa tsohuwa da wuƙa, sabon abu ne, gwaji za a yi da uwarta. Ita Dada ta ce ba za a binne ta da ƙarfen Nasara a jiki ba. Ni ce ke kwana da ita, ni ce kuma ba a tambaya.

Akwai wanda aka yi wa nasa wannan aiki? Hannun yana dawowa? Mai suga tana iya ɗauka? Kuma maganar binnewa da ƙarfe, me addini ya ce?

Maman 'Yan Biyu, Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Dada lafiya, ya sa kaffara ne. Labarin hijabin nan ya sa ni hawaye, haka iyayen nan suke, ba sa son a ga gazawarsu.

Direban Kusiri:

Ƙanwata, kada ku yi gaggawar wuƙa. Akwai wani mai ɗori a wajenmu, gadon gidansu ne, ni da kaina ya gyara mini hannu lokacin da na faɗi a babur. Ku kawo ta ya gani. Likitoci da zarar sun ga kana da ɗan abin hannu sai tiyata.

Mai kine, Gaundare:

Direba, Allah ya ƙara lafiya, amma naka karaya ce, ita kuwa ƙashi yana haɗewa da kansa in an daidaita shi. Na Dada ba karaya ba ne, ba targaɗe ba ne. Abu ne ya ƙare, ba abin da mai ɗori zai ɗora. Jan hannun da murza shi ƙara mata azaba kawai zai yi.

Auta, ni aikina motsa gaɓoɓin marasa lafiya bayan tiyata da shanyewar jiki, ba ni ke yanka ba, kuma ban ga hoton Dada ba. Amma bari in buɗe miki abin yadda za ki iya zama da likita ki yi masa tambayoyi ba ki ji tsoro ba.

Gaɓar ƙugu kamar turmi da taɓarya ce, gurbin yana da zurfi. Ta kafaɗa ba haka take ba. Kan ƙashin damtse dunƙule ne, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan ƙarami ne marar zurfi, kamar ki ɗora lemu a kan murfin kwalba. Shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma gaɓar ta dogara da tsokoki huɗu da jijiyoyinsu da suka lulluɓe ta suna riƙe dunƙulen a tsakiya. Guringuntsi shi ne santsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu. In ya cinye ba ya tsirowa, ba ƙwaya, ba allura, ba jiƙo. Ki sake ɗaga radiyon a haske: in babu fili tsakanin ƙasusuwan, kuma kika ga wani ɗan tsiro ya sauko a ƙasan dunƙulen, likitoci na kiran sa gemun akuya, to maganar likitanku tana kan hanya.

Abin da ba a faɗa miki ba, ko aka faɗa ba ki riƙe ba saboda ruɗu, shi ne aikin iri biyu ne, kuma jijiyoyin nan huɗu su ke yanke hukunci. In suna da lafiya, sai a yanke kan ƙashin da ya lalace a sa dunƙulen ƙarfe mai santsi, a liƙa roba mai ƙarfi a gurbin, komai ya zauna yadda Allah ya tsara shi. In kuwa sun yage sun ja baya, kamar yadda ake yawan samu ga tsofaffin da suka yi aikin ƙarfi, wannan irin ba zai yi aiki ba, don babu mai riƙe dunƙulen. Sai a yi juyayye: a ɗaure dunƙulen a jikin allon kafaɗa, a sa gurbin a kan ƙashin damtse. Da wannan juyin, babbar tsokar nan da ta rufe saman kafaɗa, inda ake yi wa yara allurar rigakafi, ita ke ɗaukar aikin ɗaga hannu. Radiyo kaɗai ba ya nuna jijiya. Ana bukatar eko, irin hoton da ake yi wa masu ciki, ko IRM, hoton na'urar maganaɗisu mai nuna tsoka da jijiya, sau da yawa kuma da sikana, mai nuna ƙashi dalla-dalla, don a ga ko ƙashin gurbin ya rage da kaurin da zai riƙe ƙarfe. Duk wanda ya yanka muku farashi da ranar aiki bai ga waɗannan ba, ciniki yake yi da ku.

Ki gaya wa Adda ba sabon abu ba ne. Tun 1893 wani likita a Faris, Jules-Émile Péan, ya sa wa wani mai tarin fuka na ƙashi gaɓar kafaɗa ta roba da ƙarfen filatinom. Ba ta daɗe ba aka cire, amma daga nan aka faro. Irin ta zamani Charles Neer ya kafa ta a Amurka a shekarun 1950, juyayyen kuma Paul Grammont ne ya fito da shi a Dijon ta Faransa a 1985. Bin diddigin da aka yi wa waɗanda aka sa wa ya nuna kusan 9 cikin 10 na gaɓoɓin nan suna haura shekara 10 ba a sake taɓa su ba. Shekara 66 kuma ba tsufa ba ne a wannan aiki, yawancin waɗanda ake yi wa sa'o'inta ne ko sun girme ta. Matashi ne ma ake jan ƙafa a kansa, don zai cinye robar tun yana da sauran ƙarfi.

Sai dai kada in yi miki daɗin baki. Babban abin da aikin ke sayo wa mutum shi ne sauƙin ciwo da barci. Motsi yana ƙaruwa, yawanci har a kai hannu ka, amma hannun budurwa ba zai dawo ba. Daka da matsar mai sun ƙare har abada. Haɗari kuma akwai: ƙwayar cuta ta shiga, gaɓar ta goce, jijiyar motsi ta taɓu, ƙashi ya tsage wajen sakawa, ko ƙarfen ya yi sako-sako bayan shekaru. Wanda ya fi ba ni tsoro ga mai suga shi ne na farko, don in cuta ta kama jikin ƙarfe, sau da yawa sai an sake buɗewa. Kafin komai ku yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na yatsa da safe ba. Likitoci da yawa ba sa yarda su yi aikin in ya haura 8. In tana da ruɓaɓɓen haƙori a gyara shi tukuna. Kuma kada a sake yi mata allurar cikin gaɓa in ana shirin aiki, ana son a bar aƙalla wata uku tsakani.

Auta, Garwa:

Mai kine, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko radiyon na ɗaga a taga, wallahi ga gemun nan, na nuna wa Dada har ta ce ashe bunsuru take goyo shekara shida. Eko da IRM ba a yi ba. Gwajin sugan nan ma ban taɓa jin sunansa ba, na yatsa kawai muke yi.

Mai farmasi, Gidar:

Ni ƙullin yaron mai tebur ne ya tsaya mini a rai. Ƙanwata, yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kwance ƙulli ɗaya ki kai farmasi a duba miki. Na ga irinsu ba adadi. Abin da aka saba zubawa ciki diklofenak ne ko ibuprofen, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya, deksa, wani lokaci a ƙara tramol. Na farkon biyu, in ana sha kullum shekara da shekaru, suna cin ciki su kawo gyambo, suna lalata ƙoda, suna kuma hana maganin hawan jini aiki. Ga mai suga, wadda dama ƙodarta ke cikin haɗari, abin ya ninka. Deksa kuwa tana ɗaga suga, tana rage ƙarfin ƙashi, tana raunana garkuwar jiki, har tana iya kashe kan ƙashin da kansa ta hanyar tsinke masa jini. Mutum ya ji daɗin jiki ya ga ya yi kumatu, ya ɗauka lafiya ce.

Amma kul ki kwashe ki zubar rana ɗaya. In ta daɗe tana shan deksa, jiki ya saba, tsayarwa farat ɗaya na iya kwantar da ita. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Tramol ma haka. Ki nemi a yi gwajin ƙoda, kireyatinin, tare da na sugan. Kuma ki faɗa wa likitan tiyata da mai allurar barci gaskiyar duk abin da take sha, har jiƙe-jiƙen. Mutanenmu na ɓoyewa don kunya, alhali a kan wannan bayanin ake auna magani.

Hajiya Babba, Injamena:

'Yata Auta, mijina aka yi wa, shekara huɗu ke nan, yana da 71 a lokacin. Juyayyen nan da mai kine ya faɗa, a Tunis. Bari in ba ki abin da idona ya gani.

Aikin kansa bai fi awa biyu da 'yan mintoci ba. Sun yi masa allura a gefen wuya ta kashe hannun, sannan suka sa shi barci. Ya farka hannun kamar ba nasa ba, yana ta tambayata ko an yanke, sai washegari ya dawo, ciwon kuma ya zo tare da shi. Kwana uku muka yi a asibiti. Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana gida.

Sati shida hannun na rataye a majanyi, dare da rana, sai in za a yi wanka ko motsa shi. Ni ke sa masa riga, kuma akwai ƙa'ida: hannun ciwo ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Jallabiyoyinsa duk na ajiye, na sa tela ya ɗinka masa riguna huɗu masu maɓalli a gaba. Ke ma ki tanadi wannan tun yanzu, don rigunan atamfa na Dada masu shiga ta ka ba za su yiwu ba. An hana shi ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi. An hana shi dafa ƙasa ko hannun kujera ya miƙe, an hana shi kai hannun baya. Ki yi tunanin dattijon da duk rayuwarsa a kan tabarma yake, ya dafa ya tashi. Rana ta tara da dawowarmu na shigo da tire na tarar ya zauna a ƙasa yana shirin dafawa da hannun nan, na saki tiren na yi ihu har maƙwabta suka shigo. Daga ranar na naɗe tabarmar na ɓoye. A kujera ya yi salla wata biyu. Banɗaki ma sai da muka sa na zama.

Kuskuren da muka yi, wanda nake so ki guje masa: mun kashe hankali da kuɗi a kan tafiya, ba mu nemi mai kine a gida ba kafin mu tashi. Mun dawo muka yi sati uku muna yawo kafin mu sami wanda ya san irin wannan gaɓar. Wani da muka fara zuwa wurinsa ya kama hannun zai murɗa baya kamar na kowa, Allah ya sa ina riƙe da takardar likita na ce ya tsaya ya karanta. Sannan mun dawo a watan Afrilu, kin san zafin Injamena, naku na Garwa ma ba baya ba. Gumi ƙarƙashin majanyi ya sa hammata ta saɓule. In da zaɓi, ku yi da sanyi, Disamba ko Janairu.

Yanzu fa? Yana barci a kan gadonsa har asuba. Yana sa hula, yana naɗa rawani, yana ɗaga hannu ya sauko da abu daga kan kanta. Sai da ya kusa shekara kafin ya kai haka. Abin da bai dawo ba shi ne kai hannu baya, ba ya iya sosa tsakiyar bayansa, aljihun baya kuwa ya manta da shi. Ki tambayi likita wannan musamman, don mace na bukatar bayanta wajen ɗaura zane. Allah ya taimake ku hannun dama ne, tsarki bai shiga ciki ba. Da na hagu ne da na ce ki ƙara tambaya.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce nadamarsa shekara ukun da ya yi yana gardama da ni.

Ɗan Birkitiri, Yawunde:

Ba na ce kada a je Indiya ba, akwai ƙwararru can. Amma dillali lada yake ci a kan kowane kai, ba zai taɓa ce muku aikin bai dace da ita ba. Mu ya taɓa faruwa da mu a kan gwiwar kawuna: kuɗin da aka faɗa a waya daban, wanda muka tarar daban, ga masauki, ga abinci, ga tafinta, ga canjin tikiti. Da ɗinki ya soma ruwa bayan mun dawo, lambar ta daina shiga.

Tambayar da za ku yi wa kowane likita, a nan ne ko a waje: kafaɗa nawa kake sauyawa a shekara? Ko'ina a duniya aikin kafaɗa bai kai na ƙugu da gwiwa yawa ba, don haka mutum na iya zama gwani a gwiwa amma kafaɗa jefi-jefi yake yi. Ba rashin kunya ba ne, uwarku ce. Ku nemi takardar lissafi a rubuce, a ware kuɗin ƙarfen, na ɗakin tiyata, na kwanciya, na magani. Ƙarfen daga waje ake shigo da shi, in an ba ku farashi da yuro ku buga da 656 ku ga sefa nawa ne. Bayan aiki ku karɓi rahoton tiyata da sunan kamfanin ƙarfen da lambobinsa ku adana kamar takardar fili, don duk likitan da zai taɓa ta nan gaba sai ya san abin da ke ciki. Sannan ku tambaya: in wurin ya yi ja, ko ya soma ruwa, ko zazzaɓi ya zo, wa za mu kira, a ina za a gan ta a ranar? Ga Hamma nan a Duwala, ku kuma kuna iya saukowa Gaundare ku kwana a jirgin ƙasa ku wayi gari a Yawunde. Wasu kuma Kano suke nufa, asibitin ƙashi na Dala, tunda ta Yola ba nisa. Ku ji bakin likita biyu kafin ku sayar da ko akuya.

Gwaggon Yara, Mokolo:

Ni dai ku tabbatar tukuna. Ƙanwata mai suga ce, hannunta ya ƙage shekara ɗaya da rabi, ba ta iya tsefe kai, kowa ya ce sai aiki. Ashe jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ta ƙanƙance ta yi tauri, abin da ke yawan kama masu suga. Radiyonta lafiya lau. Kine da haƙuri suka sake ta, ba a yanka ba.

Mai kine, Gaundare:

Gwaggo ta kawo magana mai kyau, ana rikita su sosai. Bambancin a hoto yake: mai ƙagewar kafaɗa filin gaɓarta na nan, na Dada an ce ya rufe har da tsiro, ga kuma ƙarar guga. Amma shi ya sa muke cewa a ji bakin likita na biyu. Kuma in bayan duk gwaji Dada ta ce ba ta so, ba a yi mata dole. Wannan ciwo ba ya kisa, ba a makara da shi cikin sati ko wata. Wadda aka ja ta da ƙarfi zuwa tiyata ba za ta yi motsa hannun da ake bukata wata da watanni ba, aikin kuwa rabinsa a nan yake.

Malamin Islamiyya, Yagwa:

Game da tambayarki ta ƙarshe, 'yar uwa. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. In zinariya da aka hana maza ta halatta don lalura, ina ga ƙarfen da zai sa baiwar Allah ta yi barci ta yi alwala da hannunta? Maganar binnewa kuma, ba a tsaga mamaci don ciro irin wannan. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ana yi masa wanka da sutura kamar kowa. Salla a kujera lokacin jinya ba komai, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Amma shawarata, kada ke ki kai mata wannan. Ki samo malamin da ita take jin maganarsa ya zo har gida ya faɗa mata. Tsofaffi ba sa karɓar fatawa daga bakin auta.

Direban Kusiri:

To, na ji. Ni dai in za ku sauka Gaundare da ita bayan aiki, kada ku sa ta a kujerar baya ta bas, gangaren nan da ramukan hanya sai sun girgiza mai lafiya ma. Ku ɗauki ƙaramar mota ko ku bi jirgin sama.

Auta, Garwa:

Assalamu alaikum. Ku yafe mini shiru na sati uku, zirga-zirga ce ta yi yawa. Na karanta wa Hamma da Adda duk abin da kuka rubuta a waya, har Adda ta sa na maimaita mata na Hajiya Babba sau biyu.

Mai farmasi, maganarka ta tabbata, akwai deksa da diklofenak a ƙullin, shekara biyu tana sha. Likita ya tsara mata yadda za a rage, ya sauya mata maganin ciwo. Ƙoda ta ɗan taɓu amma ya ce an tare da wuri. HbA1c ya fito 9.6, na kusa faɗuwa, don na yatsa kullum yana nuna mana ba laifi. Eko ya nuna jijiyoyi biyu sun yage sun ja baya, don haka in za a yi, juyayyen ne. Hamma ya kai hotunan wa wani likitan ƙashi a can Duwala, shi ma abin da ya faɗa ke nan, ya ƙara da cewa ba zai taɓa ta ba sai suga ya sauko, a sake gwaji bayan wata uku, a yi sikana. Dillalin kuwa da Hamma ya ce masa akwai matsalar suga, cewa ya yi ba komai, a turo kuɗin ajiya kawai. Hamma da kansa ya daina ɗaga wayarsa.

Limamin unguwarmu ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, ya zauna a zaure, ita tana daga ciki. Ya ba ta labarin hancin zinariya. Ta yi shiru, sannan ta ce to ita ba wannan ne ya fi damunta ba, a gaya mata gaskiya, za ta koma turminta? Na ce a'a Dada, an ce daka da matsar mai sun ƙare. Ba ta sake magana ba har magariba. Da dare ina shafa mata mai sai ta ce, to ɗankwali fa, za ta ɗaura da kanta? Na ce mijin wata Hajiya a Injamena rawani ma yake naɗawa. Ta ce in suga ya sauka a kai ta ta ga likitan da idonta, in fuskarsa ta kwanta mata za ta faɗi amsa. Washegari ta kira 'yar Adda ta ce ta ba ta turmin da kwastomominta, amma da sharaɗin a tsakar gidanta za a riƙa aikin tana kallo daga kujera.

Na riga na sami mai kine a nan Garwa, ya ce a kawo ta tun yanzu ya soma koya mata tashi daga kujera ba dafawa. Tela kuma yana ɗinka riguna uku masu maɓalli, ta zaɓi atamfar da kanta.

Ɗan Birkitiri, in Allah ya sa an tsayar da Yawunde, ko ka san inda za mu sami ɗakin haya na wata ɗaya a ƙasa, ba bene ba, mai banɗakin zama? Mu uku ne, da ni da ita da jikarta.